Gwarzon Mijin da Muka Rataya a Bango

Cikin ranakun aikina duka, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da gwarzon mijinmu ya ga allura ya rantse bai taɓa aure ba. Ku sababbin nan kullum kuna ganin hotonsa a bangon ɗakin awo, kuna tambayata ko wane ne. To, ku gyara zama.

Lokacin ni ce in-cajin ɗakin haihuwa a nan, wato babbar ungozoma, duk mai cikin da ta shigo ta ƙofar can a wuyana take. Asibitin bai kai yadda kuke ganinsa yanzu ba. Likita ɗaya gare mu, da malamin ɗakin gwaji, sai mu mata. Ba mu da wurin ajiye jini, don wutar da za ta riƙe firij ba ta zama. In mace ta zubar da jini bayan haihuwa, sai dai a samo ɗan'uwa a take, a gwada nasa, a ɗiba, a ƙara mata. In ba a samu ba sai a kama hanyar Tambuwal, kuma kun san hanyarmu ta nan Kebbe in ruwa ya taɓa ta, mai lafiya ma da ciwon baya yake isa.

A shekarar aka kira mu bita a Sakkwato. Aka ba mu shayi da burodi, aka ce an gano abin da ke cin mata wajen haihuwa: mazan ƙauye ba su damu da matansu ba. Maganin da aka yanke shi ne, duk wadda ta zo awo da mijinta ita za a fara gani, ba ruwanta da layi, kuma mijin da ya fi kowa zuwa za a ba shi kyauta. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja. Ina da dalilina. Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, can Tambuwal, na kwana na wuni ina naƙuda, Alhajina ko ƙeyarsa ban gani ba. Da na tambaye shi daga baya, sai ya ce yana gona. Yaron yanzu har ya tara nasa 'ya'yan, amma maganar nan ba ta wuce mini a maƙogwaro ba.

Na dawo na yi shela da ƙarfina. Maza suka ji, suka ce Allah ya ba da sa'a, ba wanda ya taka ƙafarsa. Ana haka, farkon damina, sai ga wata yarinya mai suna Balki an sauke ta daga babur, da cikinta na fari, mayafi har hanci. Wanda ya kawo ta ɗan kabu-kabu ne, Sahabi, hula a karkace, baki ba ya hutawa. Na tambaye shi ko shi ne maigidan. Ya dubi layin mata da ya kai bakin ƙofa, ya dube ni, ya ce, "Ni na, Hajiya."

Balki ta ƙara jan mayafi. Matan layi suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa na ɗauka hassada ce, na wanke su tas. Na ce su je su gaya wa nasu mazan haka ake yi.

Da na duba yarinyar raina bai so ba. Idonta fari fat, tafin hannunta ma haka, gwaji kuma ya nuna jininta ya yi ƙasa. Na zaunar da Sahabi na karanta masa: hanta, zogale, wake, ga ƙwayoyin ƙarin jini kada a tsallake. Na ce babbar magana ita ce ranar haihuwa, a tanadi wanda zai ba da jini tun yanzu, don irin wannan in ta zubar kaɗan ma ba ta da na canji. Ya bugi ƙirji ya ce jininsa duk nata ne. Har ya sa na maimaita masa jerin abincin, yana bina baki da baki don kada ya manta. Na ce a raina, ashe akwai sauran maza a ƙasar nan.

Kuma abin ya yi aiki. Duk ranar awo suna nan, ƙwayoyi an sha, Balki har ta yi mini ƙorafi a hankali cewa hanta ta ishe ta, duk ranar kasuwa sai an kawo. Jinin ya ɗan taso, amma bai kai inda hankalina zai kwanta ba.

A tsallaken hanya kuwa, gindin dogonyaron nan da aka sare bara, akwai wani dogon mutum siriri mai malafa da sanda. Duk ranar awo yana nan zaune, ya yi kamar bai san da asibiti ba, yana kallon hanya. Ran nan abin ya ishe ni, na fita na same shi. Na ce bawan Allah, kowa na gona yana noma, kai ka zo ka tare ƙofar asibiti, ko matan mutane kake ƙirgawa?

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mota nika jira, Inna."

Na ce wace irin mota ce ba ta zuwa sai ranar awo? Ya tashi ya koma wata bishiyar da ta fi nisa. Daga ranar ya zama abin misalina. In ina yi wa mata bayani sai in nuna Sahabi in ce ga miji, in nuna ta taga in ce ga kuma irin waɗanda suka hana ƙasar nan ci gaba. Matan su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuma ina jin daɗi, wai na iya ba da darasi.

Ba a daɗe ba kodineta, wato mai kula da shirin, ta zo daga Sakkwato da mai hoto. Ba mu sha wahalar zaɓe ba, tunda ɗan takara ɗaya ne. Aka ba Sahabi bokiti da gidan sauro da turmin atamfa, ya yi jawabi mai tsawo kan haƙƙin mace a kan mijinta, har kodineta ta share ido. Balki ta ƙi tsayawa kusa da shi, shi ya sa a hoton kuke ganin za a iya ajiye buhu a tsakaninsu. Kodineta ta ce kunya ce ta 'yan ƙauye, da sannu za su waye.

Da cikin ya tsufa Balki ta koma gidan iyayenta goyon ciki, yadda ake yi a haihuwar fari. Ana tsakar yankan gero, da hantsi, Sahabi ya kawo ta ita da mahaifiyarta. Naƙudar ba ta ba mu wahala ba. Kafin azahar ta sauka, mace, ta buɗe baki ta cika ɗakin da kuka. Uwar Balki tana baranda tana hamdala. Mabiyiya ta faɗo, sai jini ya ɓalle.

Kun san abin da ake yi. Muka murza mara, muka yi allura, muka ɗaura ruwa, na aika a kira likita. Da taimakon Allah ya tsayar da zubar, amma ta riga ta ba da abin da ba ta da shi. Leɓenta ya yi fari, hannunta ya yi sanyi, ina kiran sunanta tana amsawa daga nesa. Likita ya ce jini leda biyu, yanzu, kuma kada wanda ya yi masa zancen Tambuwal, don ba za ta kai rabin hanya ba.

Ban ji tsoro sosai ba, tunda ina da gwarzo. Na same shi a baranda yana waya yana raba albishir, na ja hannun rigarsa har ɗakin gwaji. Malamin gwaji ya fito da allurar ɗibar jini, kun san kaurinta. Sahabi ya dube ta, ya dube ni, hular ta miƙe da kanta.

Ya ce, "Hajiya, tsakani da Allah, ni ko aure ban yi ba. Matar yayana ta. Layi na gani ya yi tsawo, ga fasinja na jirana."

Ban san sanda na ce masa uwaka ba, Allah ya yafe mini. Duk da haka na sa aka tsaga yatsarsa a gwada. Jinin bai dace da nata ba, shi kuma ganin ɗigon da ya fito ya sa ya sulale ƙasa. Uwar Balki tsohuwa ce, nata jinin ma bai ishe ta ba. Na yayyafa wa Sahabi ruwa, na tambaye shi ina mijin yarinyar. Ya nuna taga da leɓe.

Tafiyar nan daga ƙofar asibiti zuwa bishiyar can, ban taɓa yin mai nauyinta ba. Ran nan su uku ne a zaune. Mai malafar ya miƙe, ido a ƙasa. Sunansa Ummaru. Bai tambaye ni an haihu ko ba a haihu ba, don haihuwar fari ce, bakinsa ba zai iya ba. Na ce ana son jini.

Ya ce, "An faɗa mani tun farkon damina, Inna. Wanga da wanga abokaina na, tare munka baro gona."

Ashe duk jerin da Sahabi ke haddacewa, shi ake kai wa. Shi ke sayen hantar. Shi ke biyan kuɗin mai, ya biyo bayansu a ƙafa ko a babur ɗin wani, ya zauna inda zai ga shigarta da fitarta. Roƙo ɗaya ya yi mini: ko akwai ƙofar baya, don surukarsa na zaune a baranda, ba zai iya ratsawa ta gabanta ba. Ta ƙofar da muke fitar da shara na shigar da su.

Nasa ya dace, na aboki ɗaya ma ya dace. Ya kwanta ya juya fuska bango, ya miƙa hannu, ko motsi bai yi ba da allurar ta shiga. Jini na sauka a leda, na matsa kusa na ce masa mace aka samu, lafiyayya, mai murya. Ya yi kamar da bangon nake. Sai na ga ruwa na gangarowa daga idonsa zuwa kunne. Da ya lura na gani, ya ce ƙaiƙayin gero ne ya shigar masa ido tun safe.

Wajen la'asar Balki ta buɗe ido ta nemi kunu. Na fita baya na tarar da shi tsaye, jiri na ɗibarsa, ya ƙi tafiya. Ya ce, "Inna, baƙuwar da anka kawo ɗazu, ta farka?" Na ce har ta sha kunu. Ya ce madalla. Sannan ya haɗa ni da Allah kada in faɗa wa surukansa ko mutanen gari ya zo, don za a ce ba shi da kunya, ya bi mace asibiti a kan cikin fari. Na nemi gafararsa kan maganganun da na yaɓa masa. Ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa, zaman banza yake yi.

Labari ya kai Sakkwato cewa miji ya ba matarsa jini ta rayu. Kodineta ta kira ni tana murna, ta ce, "Hajiya Luba, kin ga amfanin shirinmu? Mijin da muka karrama ne ya ceci matarsa." Na buɗe baki, na tuna alkawari, na ce ƙwarai, ranki ya daɗe, mijinta ne ya ba da jini. Har Sakkwato aka gayyaci Sahabi ya yi wa maza jawabi. An ce ya burge.

Ranar suna na je. An yanka rago, wanzami ya yi aski, mata na guɗa, Sahabi ya sha babbar riga yana karɓar barka kamar shi ya yi naƙudar. Na tambayi Ummaru, aka ce ya tafi duba shanu. Da zan tafi na hango malafa a bayan rumbu, daidai inda guɗar ke isa. Na ɗauke kai na wuce, don zuwa lokacin na koyi ladabi.

Shi ya sa na hana a sauke hoton nan. A wannan aikin namu, wanda ya fi kowa amsa "to" a gabanku ba lallai ne shi zai miƙa hannu ba. Ku kawo maza ɗakin awo in sun yarda, abu ne mai kyau, ni ma ina so. Amma ranar da mace ke tsakanin rai da mutuwa, kada ku tsaya a baranda. Ku leƙa tsallaken hanya, ku dubi gindin bishiya, kuma ku bar ƙofar baya a buɗe. Abin haushin ma, ni da aka haifa cikin al'adar nan, ni da har yau ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, shayi da burodi suka mantar da ni.

Yammacin ranar sunan na koma gida na tarar da Alhaji a tabarma yana sauraren rediyo. Na zauna na sake yi masa tsohuwar tambayar, ina yake ranar da na haifi yaron nan. Ya ce ai ya faɗa mini, yana gona. Na ce Alhaji, a tsakiyar rani aka haife shi, kuma kai ba ka taɓa mallakar fadama ba. Ya ƙara wa rediyon murya. Na ci gaba da zama, na ƙi tashi. Can da labarai suka ƙare, ya kashe, ya sosa ƙwaurinsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Bayan katangar gidanku akwai cinnaka a lokacin, masu mugun cizo."