Haɗin da Ke Cikin Bango

A layin masu gyara, tsakanin mai walda da mai facin taya, akwai shagon wani mai aikin wutar lantarki da kowa ke kira Tsaf-tsaf. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, har matarsa in ranta ya ɓaci Tsaf-tsaf take ce masa, sai dai ta ja sunan yadda zai ji a jikinsa. Aikinsa ne ya ja masa laƙabin. In ya yi wa gida wayarin, ka buɗe akwatin fiyus, sai ka ga wayoyi a jere kamar an yi musu kitso. Shekararsa arba'in da bakwai, 'ya'yansa huɗu, yana da babur mai tari kowace safiya da jakar kayan aiki wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, mai saurin ganin kuskuren wani. Kuma ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da wani abu a ransa wanda bai taɓa gaya wa kowa ba.

Amma bari mu fara daga tushe. Yana yaro, laifi a wurinsa shi ne abin da aka kama ka kana yi. Yana ɗan shekara takwas ya kwance rediyon babansa don ya ga mutanen da ke magana a ciki. Da ya mayar, sukurori uku suka yi saura, ya jefa su a kwata. Rediyo ta yi gum. Baban ya jijjiga ta, ya sauya batir, ya gaji ya tsine wa kamfanin da ya ƙera ta. Yaron kuwa ya ci abincinsa ya ƙoshi, har da neman ƙari. Tunda ba a gani ba, a lissafinsa ba a yi ba.

Yana da goma sha shida aka kai shi koyon aiki wurin wani da ake kira Tsoho, mutum siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Tsoho ba ya duka. Abin da yake yi ya fi duka ciwo. In ya ga aikin ganganci, sai ya tara duk masu koyo, ya nuna da bakin filaya ya ce, "Ku zo ku ga abin da ɗan'uwanku ya haifa mana." Dokarsa ta farko, wadda yake maimaitawa har a gaji, ita ce ba a haɗa waya a cikin bututun da ke cikin bango. In waya ta gaza, a zare ta a sa doguwa. Haɗi sai a cikin akwati, inda hannu zai iya kaiwa, domin haɗi yana saki da shekaru, ya riƙa ɗaukar zafi, kuma in an shafe shi da siminti babu mai ganin halin da yake ciki.

Tsaf-tsaf ya riƙe dokar gam. Sai dai a faɗi gaskiya, ba tausayin masu gida ne ya sa shi riƙe ta ba. Kunya ce, da tsoron bakin filayar Tsoho. Da can bulala yake gudu, yanzu idon mutane. An ci gaba, amma ba a yi nisa ba.

Bayan ya buɗe shagonsa, wani malamin lissafi ya ba shi aikin sabon gidansa mai ɗaki huɗu a bayan makarantar da yake koyarwa. Aiki ya tafi sumul har ɗakin ƙarshe. A nan, wayar da za ta sauko zuwa soket ɗin gefen taga ta gaza da kamu ɗaya tak. Shagon waya na can ƙarshen gari, rana ta take, ga mai filasta ya riga ya kwaɓa siminti yana tsaye a kansa.

"Tsaf-tsaf, kwaɓina fa zai bushe," in ji mai filasta. "Ko in je in dawo jibi?"

Malam yana aji. Tsoho ya shekara biyu da rasuwa. Mai filasta ya juya yana shan ruwa. Tsaf-tsaf ya ɗauki guntun waya, ya murɗa ta da ɗayar, ya naɗe da baƙin salatif, ya ja haɗin ya shige cikin bututu. Minti biyu bai cika ba. Kafin la'asar bango ya yi santsi kamar ba a taɓa huda shi ba. Malam ya zo ya kunna kowane ƙwai, ya yi ta sa albarka, kuma ta bakinsa Tsaf-tsaf ya samu aikin gidaje biyar a wannan shekarar.

Shekarun farko abin bai dame shi ba. Daga baya ne ya fara lallaɓowa. In yana gaya wa wani dokar Tsoho, sai ya ji muryarsa ta ɗaga fiye da kima. Ya daina bin layin bayan makaranta, ko da shi ne hanya mafi kusa.

"Baban yara," matarsa ta ce wata rana tana bayan babur, "wai me layin nan ya yi maka ne? Ko wata ka taɓa nema a ciki ta ƙi ka?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ramuka ne suka yi yawa.

A shekara ta bakwai Malam ya aiko a kira shi. Ya yi ritaya, ya mai da ɗakin ƙarshe wurin karatunsa, ya ajiye kujera a gefen taga da butar lantarki ta dafa shayi.

"Ƙauri nake ji," in ji Malam. "Kamar roba na ƙonewa. Nan, daidai kafaɗata. Yakan zo ya tafi."

Matar Malam na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Mu dai ba ma jin komai. Duba masa don Allah, ko ma samu lafiya."

Tsaf-tsaf ya matsa gefen taga. Ya buɗe soket, ya sa tasta, ya ɗaure sukurorin da dama a ɗaure suke. Da ya ga hankalinsu ya ɗauku, ya ɗora tafin hannunsa a bango, kamu ɗaya sama da soket. Da ɗumi. Ba sosai ba, amma da ɗumi. Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Daidai nan Malam ya dubi matarsa ya ce, "Kin ga wannan yaron? Duk garin nan shi kaɗai na sani ba ya ha'inci."

Tsaf-tsaf ya haɗiye maganarsa. Ya ce, "Lafiya lau ne, Malam. Babu komai. Amma butar nan a riƙa jona ta a kicin, ya fi."

Malam ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Sannan ya ce, "To. Tunda kai ka faɗa."

Ya fito yana gaya wa kansa ai ya yi dabara, tunda an cire buta bango zai huce. Ya maimaita wannan magana a ransa sau ɗari, kuma ko sau ɗaya bai yarda da ita ba.

Bayan shekara biyu Malam ya rasu. Tsaf-tsaf ya je gaisuwa, ya zauna can nesa da ɗakin ƙarshe. Yana zaune cikin mutane, kai a sunkuye, ya ji wani abu a ƙasan zuciyarsa wanda ya firgita shi: sauƙi ya ji. Hancin da ke jin ƙaurin ya tafi. Ya koma gida yana ƙyamar kansa. Ba wanda ya gan shi, ba wanda zai taɓa tara mutane ya nuna shi da filaya, amma abinci ya ƙi wucewa. Wannan sabon abu ne a wurinsa, bai ma san sunan da zai kira shi ba. Duk da haka bai koma ba. Ɗan Adam yana iya zama da ƙaya a ƙafa shekaru, ya koyi tafiya a karkace.

Abin da ya karya shi gobara ce a shagon wani tela, da rana tsaka. Ba a rasa rai ba, amma kekuna uku da ɗinkunan mutane duk sun tafi. Aka kira Tsaf-tsaf ya gano sanadi. Ya fasa bango, ya zaro abin da ya san zai zaro, haɗi a cikin bututu, ya ƙone ƙurmus. Ya ɗaga shi sama a gaban jama'a, ya fara faɗa kamar yadda ya saba.

"Wanda ya yi wannan ba shi da imani! Don ƙyuyar zuwa sayen waya ka dasa wa mutane wuta a bango, ka tafi gidanka ka..."

Idonsa ya faɗa kan matar telan. Tana zaune a ƙasa cikin ruwa da toka, riƙe da almakashin mijinta wanda hannunsa ya narke, tana goge shi da gefen mayafi. Duk tsawon shekarun nan tambayarsa ɗaya ce: wa zai gane? A wannan ranar ce ya fara tambayar kansa wa ke kwana a jikin bangon. Kuma ya san amsar, domin ya ji an ce jikokin Malam uku aka mayar ɗakin.

Da ya koma cin abincin rana ya zayyane wa matarsa komai. Ta ajiye ludayi, ta ce, "Yau za ka je, ba gobe ba. Amma ba sai ka tona wa kanka asiri ba. Ka ce kana zagaya tsofaffin ayyukanka ne kana dubawa. Ka gyara, ka shafe, ka fito."

Shawarar ta yi masa daɗi ƙwarai. Yara za su tsira, suna ma zai tsira. Ya ɗauki sabon naɗin waya, guduma da cizal, ya bi layin da ya shekara da shekaru yana gudu.

Matar Malam ta tsufa fiye da yadda ya zata. Ta karɓe shi da fara'a, ya karanta mata ƙaryar da ya shirya, ta sa masa albarka. A ɗakin ƙarshe akwai gado mai hawa biyu da katifa a ƙasa, jakunkunan makaranta a rataye, ga ƙaramin firij a jone a soket ɗin gefen taga yana gurnani. Kan katifar ƙasa yana manne da bangon. Ya kashe wutar gidan, ya janye katifa, ya auna kamu ɗaya, ya fara sara.

Bututun ya yi baƙi ya lanƙwashe. Salatif ya narke ya zama kamar kwalta, jan ƙarfen waya a tsirara, silinsa biyu ko uku kawai suka rage a riƙe. Yana zaro shi ƙauri ya cika ɗakin.

Matar Malam ta shaƙa. Ya ga fuskarta ta sauya. Ta dafa ƙofa, ta lallaɓa ta zauna a bakin gadon yaran.

"Wannan ne," ta ce a hankali. "Wannan Malam yake faɗa."

Ta dubi bangon, ta ci gaba.

"Butar ya daina jonawa, yadda ka ce. Da muka sa firij ya ce ƙaurin ya dawo. Shekara biyu, ɗan nan, kullum sai ya faɗa. Mu kuma mu ce masa, ai Tsaf-tsaf ya duba ya ce babu komai. Muka kai shi asibiti a duba hancinsa. Da aka ce hanci lafiya, babban ɗansa ya ce to kai ne ya fara taɓuwa, muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi, aka sa shi ƙirga yatsu. Jikokinsa har waƙa suka yi masa, Kaka Mai Ƙauri. Ni ma na yi dariya." Ta share ido. "Daga baya ya daina faɗa. Sai dai ya zauna yana kallon bangon."

Ta dubi abin da ke hannunsa, ta ce, "Ɓera ne ya ci wayar, ko?"

Ga ƙofa a buɗe, ita da kanta ta buɗe masa. In ya ce e, shi ke nan, har godiya za ta yi masa. Yaron da ya jefa sukurori a kwata zai ce e. Mai koyon aikin Tsoho ma zai waiga ya ga ba kowa, ya ce e. Ya durƙusa a cikin ɓaraguzan siminti.

"Ba ɓera ba ne, Mama. Ni ne. Waya ce ta gaza mini, na haɗa ta na tura ciki. Ranar da Malam ya kira ni ma na sani. Na taɓa bangon na ji zafi, na ce masa babu komai."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. Ta miƙo hannu, ya ɗora mata ƙonannen haɗin, ta damƙe shi.

"Gama aikinka," ta ce. "Yara sun kusa tasowa daga makaranta."

"Mama, ki yafe mini."

Ta miƙe da ƙyar, ta tsaya a bakin ƙofa, wurin da ta tsaya shekara huɗu da suka wuce.

"Ni kake roƙo? Ni ma yafiyar nake nema, ɗan nan. Kuma wanda zan roƙa ba ya nan."

Ta fita. Tsaf-tsaf ya warware sabuwar waya, ya zura ta tun daga akwati har soket, doguwa guda ba haɗi. Aikin bai kai rabin awa ba. Yana cikin ɗaure sukurori ya jiyo ta a falo, tana magana ita kaɗai, a muryar da ake yi wa wanda ke zaune kusa.

"Gaskiyarka, Malam," take cewa. "Akwai ƙauri."