Likitar da na yi wa faɗa daga Fatakwal

Ina sauke albasa a Fatakwal aka ce matata Hajara mai ƙaramin ciki na zubar da jini, an kai ta asibiti a Mafara. Na zaci ɓari ne, da na ji wai sai an ɗauki hoton cikin, na hau likita da faɗa a waya:

"Ku yi mata wankin ciki mana! Hoton mi kuke jira?"

Ta ce, "Malam, a bakin mahaifa cikin ya zauna. In na kankare, jini ba zai tsaya ba sai an cire mahaifar. Allura za mu yi."

Cikin ya tafi, mahaifa ta tsira. Shekara biyu ke nan, jiya Hajara ta haifi ɗiya mace. Alhamdu lillahi!

Ban cika yabon asibitocinmu ba, amma baiwar Allahn nan ta fi ni gaskiya. Jama'a, da wane baki zan ba ta haƙuri?