Gishirin Miyar Kaka

Gidanmu na Harobanda ɗaki biyu ne da rumfa, kuma a gindin rumfar murhun Kaka yake. Babanmu tela ne a Babbar Kasuwa, ba ya dawowa da wuri, don haka daga magariba mu na Kaka ne. Tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya, hayaƙi na sa ta hawaye, sauron bakin kogi na cin ƙafafunmu. Ni ce sarkin katse ta da tambaya, har ta raɗa mini suna Rediyo.

Akwai abin da take yi da na ɗauka rikicin tsufa ne. Kafin a raba tuwo sai ta sa malmala biyu a kwano, ta rufe da faifai, ta tsallaka gidan maƙwabciyarmu Inna Hamsa, wai a ɗanɗana mata gishirin miya. Matar da ta tsufa a bakin murhu! Da na tambaye ta dalili, sai ta gyara itace ta ce, "Rediyo, rage murya, ga wata tatsuniya nan ta iso."

Wai a shekarar yunwa tsohuwar Bushiya ta kwana uku ba ta ci ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Zakara ya ji labari. Shi mai kirki ne, ya ɗauko damin gero ya dire a ƙofarta, sannan ya hau danga ya yi cara, a zo a ga ya ceci Bushiya. Dabbobi suka fito kallo. Bushiya ta dunƙule, ta ce ita a ƙoshe take. Kurciya ta yi niyyar roƙonta ta taya ta tsintar tsakuwa a hatsi don su ci tare, amma ta ce a ranta sai gobe. Da goben ta yi, ta tarar da Bushiya ta mutu a dunƙule, ga gero a ƙofarta.

"Kukan da kurciya ke yi ke nan har yau," in ji Kaka. Na ce ai Bushiya ce wawuya. Ta dube ni, ta ce, "Allah ya sa kar ki san abin da ta ji."

Kaka ta rasu, na yi aure, tatsuniyar ta kwanta mini. Bara, bayan ruwa ya ci unguwa, na shiga ƙungiyar mata masu aikin sa kai, muna kai wa tsofaffi abinci. Gidan farko da aka ba ni na Inna Hamsa ne. Ciwon gwiwa ya raba ta da tallan kayan miya a kasuwar Petit Marché, ɗanta kuma ya tafi neman kuɗi, shiru. Na je da rana tsaka, mu uku, da buhun shinkafa a baro, na ɗaga waya zan ɗauki hoto don masu ba da taimako su gani. Maƙwabta suka leƙo.

Ta ɓata lokaci kafin ta fito, sanye da zanenta na zuwa biki. "Fofo, ɗiyata," ta gaishe ni. "Kun ɓata hanya. Ni ban rasa komi ba, ku kai ma mabuƙata." Ta bayanta na hango murhunta, ko toka babu. Duk da haka haushi na ji, na ce girman kai ne. Kwana biyar ban koma ba.

Ina barbaɗa gishiri a miya dabarar Kaka ta faɗo mini, har ludayi ya suɓuce. Na rufe kwano da faifai, na tafi ni kaɗai. Na same ta kwance, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na ce, "Inna, ɗanɗana mini gishiri, bakina ya mutu."

Ta lasa, ta yi murmushi. "Na san wannan gishirin. Shekarar da maigidana ya rasu, wata bakwai ina ɗanɗana ma kakarki miya. Ko sau ɗaya ba ta bari na yi godiya ba, ita ke gode mini." Loma uku ta iya ci. Ranar Juma'a aka kai ta makwancinta.

Ina ƙarama na zaci a tatsuniyar nan mutum Zakara yake zama ko Kurciya. Ni a mako guda na zama duka biyun, kuma abin yana cina har yanzu. Ban bar aikin ba, sai dai na bar baro a gida, sababbin shiga kuma kwano da faifai nake fara miƙa musu. Hoton yana cikin wayata, na kasa gogewa. Inna Hamsa ce tsaye a ƙofarta cikin zanen biki, tana ce mini ba ta rasa komi ba.