Littattafan Tankin Yaya Sumaila

Shekara shida ke nan cif da muka binne Yaya Sumaila, wana uwa ɗaya uba ɗaya, a wata maƙabarta can wajen gari. A cikin duk abin da ya bari, wanda ya fi hana ni mantawa da shi wani jibgegen tankin dizal ne mai launin toka, da ke tsaye bisa ƙafafun ƙarfe a bayan garejinsa a unguwar Tremont, nan ƙasar Turawa. A takarda ni ne mai tsaron tankin nan yanzu. A zahiri kuwa shi ne ya tsare ni.

Yaya ya riga ni barin Zongon Kumasi da shekaru masu yawa. Bakanike ne, ya yi ta fama har ya mallaki gareji da 'yan motocin dakon kaya, kuma daga tankin nan suke shan mai. Doka ta ce duk mai tanki a bisa ƙasa ya riƙa duba shi wata-wata, ya rubuta abin da ya gani. Na san mutane da yawa da suke cike nasu shafukan a zaune, rana ɗaya, da biro kala biyu don kada a gane. Yaya ba haka yake ba. Juma'ar farko ta kowane wata, da an sauko daga masallaci, zai cire babbar riga ya sa kayan aiki, ya kwanta rigingine ƙarƙashin tankin da tocila da farin ƙyalle. Sai ya goge kowace mahaɗa, ya ɗaga ƙyallen a haske, ya shinshina. Nakan tsokane shi in ce ko jariri ba a duba shi haka. Yakan ce, "Awudu, jariri yana kuka in wani abu ya same shi. Wannan ba zai gaya maka ba, sai dai maƙwabta su gaya maka." Daga nan ya shige ofis ya rufe ƙofa. Ban taɓa bin sa ciki ba, don ni direba ne, rubuce-rubuce ba su dame ni ba.

A wancan lokacin hukumar jiha ce ke sa ido kan tankuna irin namu. Sufetonsu wani dattijon Bature ne mai ɗingishi, yakan zo jefi-jefi daga nesa. Shi da Yaya sukan shige ofis su daɗe, in jiyo su suna dariya, ya fito da ƙosai a takarda ya tafi. Yaya ya sha yin ƙorafi cewa mutumin ba ya zuwa yadda ya kamata, wai tankuna sun yi musu yawa, hanya kuma ta yi nisa.

Ciwon Yaya bai yi mako biyu ba. Bayan sadakar bakwai, matarsa Hajiya Rabi tana cikin takaba, ba ta fita, sai kwashe kayan ofis ya faɗo a kaina. A cikin durowa na tarar da littattafai tara masu koren bango, an ɗaure su da roba. Na buɗe na sama, na ga Bismillahi a kan shafin, ƙasa kuma rubutun ajami layi-layi da hannun Yaya. Ni ɗan boko ne, allona bai yi nisa ba. Na rufe da sauri don ba ni da alwala, na ce a raina ashe wuridi da addu'o'i bawan Allah yake rubutawa in ya kulle ƙofa. Na yi kuka a wurin. Abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a barin sa cikin baƙin mai da ƙura, kuma wa ya fi cancanta da addu'o'in ɗa in ba uwarsa ba? Na naɗe su a farin yadi, na ba wani mai tafiya gida ya kai wa Mma a Kumasi. A lokacin ji nake ban taɓa yin abin kirki kamar wannan ba.

Shekaru suka shuɗe, dattijon nan ya yi ritaya, sai ga takarda cewa an ɗauke aikin duba tankuna daga hannun jiha an damƙa wa ofishin hukumar yanki. Da Yaya na raye, na tabbata zai yi murna. Abin da yake nema ke nan: masu dubawa na kusa, waɗanda suka san unguwa, suke zuwa a kai a kai. Ni ma ban ga laifin tsarin ba har yau. Sai dai fayil ne ake iya ɗauka daga wannan ofis a kai wancan. Sanayya ba ta shiga kwali. Abin da dattijon ya sani game da Yaya ya tafi gida da shi.

Sabuwar sufeton wata mata ce mai fara'a, ba ta da wulaƙanci ko kaɗan. Ta zagaya tankin, ta yaba, sannan ta ce fayil ɗin da ya iso gare ta siriri ne. Tanki mai shekaru irin wannan sai an nuna tarihin dubansa, na asali, mai sa hannun sufeton baya. In babu, za ta ɗaura wa bakinsa jan tambari, ba mai sake zuba masa mai. Na je na gaya wa Hajiya Rabi. Ta dube ni ta ce, "Ai suna cikin durowa. Littattafan nan masu koren bango. Yana karanta wa Baturen da Turanci, shi kuma ya sa hannu a bayan shafi." A nan na gane abin da na naɗe na aika wa Mma.

Ga inda nake ke nan shekara biyu. Garejin nan shi ke ciyar da Hajiya Rabi da 'ya'yan Yaya uku, kuma in tanki ya mutu motoci sun tsaya. Sayarwa ba ta yiwuwa, don duk mai saye da ya ji zancen tambari sai ya ce zai kira, ba ya kira. Ofishin jiha sun ce ba nasu ba ne yanzu. Ofishin yanki sun ce su abin da aka miƙo musu suka sani. Sufeton ta ƙara mini wa'adi sau biyu, na biyun ta faɗa a hankali cewa ba ta jin akwai na uku. Ni kuma ba ni da halin zuwa Kumasi, don takardun zamana ba su fito ba, in na fita ba dawowa.

Mai karatu zai ce to a aiko da littattafan mana. Mma ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Suna cikin adakarta, makullin yana ɗaure a bakin zanenta, kowace asuba takan fito da ɗaya ta ɗora a cinya tana shafawa. Da wane baki zan ce mata abin da take shafawa shekara shida awon dizal ne? Na yi shekara biyun nan ina kiran ta, muna gaisawa, ina kashe waya.

Ranar Lahadin da ta wuce na daure na faɗa mata, ina in-ina kamar wanda ya fasa tulu. Ta bar ni na gama tsaf.

"Awudu, kai kaɗai ne ba ka sani ba," in ji ta. "Tun shekarar farko na sa malamin gidan baya ya karanta mini. Kowane shafi: na duba, babu tsatsa, babu yoyo, alhamdulillahi. Mutum ya kwanta a ƙasa wata-wata don kada ya cuci maƙwabci, ya rufe da godiya ga Allah. In wannan ba addu'a ba ce, mece ce?"

Na ce, "To Mma, a ba wani ya kawo mini, in an gama zan mayar."

"Ɗayanku ya tafi, littattafai suka dawo mini a madadinsa. Kai ma shekara goma sha ɗaya murya kawai nake ji. Ka zo ka karɓa da hannunka, in shafa fuskarka."

Na yi mata bayanin takardu, ta ce ta ji. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce to ba, ta tambaye ni ko na ci abinci. Ban ga laifinta ba. Abu ɗaya take da shi da zai iya jawo ni gida, ta kuwa riƙe shi da hannu biyu.

Ban san yadda Yaya zai warware wannan ba. Ina jin zai fara yi mini dariya har hawaye, ya ce sau nawa ya ce in koma allo. Abin da na sani, bai bar gida ko fili a Kumasi ba, bai bar suna a wani allon masallaci ba. Ya bar aiki ɗaya da ya yi da gaskiya ko da mai dubawa ko babu, har uwarsa ta ji shi a kunne kamar wuridi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wa'adi saura mako biyar. Shekaranjiya Juma'ar farkon wata ce, na sauko daga masallaci, na cire riga, na kwanta ƙarƙashin tankin da tocilarsa. Na goge, na ɗaga ƙyallen, fari tas. Na shiga ofis na rufe ƙofa, na rubuta da boko, Bismillahi a sama, babu yoyo a ƙasa. Da na zo kan alhamdulillahi na daɗe riƙe da biro, kafin na rubuta.