Ta'akhirin Wata Huɗu

Shekara ashirin da bakwai Malam Barau ya yi yana lodin kayan alhazai a filin jirgin Madina. Boko bai yi nisa ba, amma da jin ƙarar jirgi zai gaya maka irinsa. A gidansa na unguwar Bani Harisa, in wani ya ƙosa da jira, sai ya ce, "Ta'akhir ne kawai, ɗan jinkiri. Ban taɓa ganin jirgin da ya ƙi zuwa ba."

Ɗansa Haisam injiniya ne. Aiki ya kai shi ƙarshen duniya ta kudu, inda aka binne na'urori can cikin ƙanƙara, shi ke kula da su. Ya ce wata ƙwayar abu suke dako, wai nutirino, mai zuwa daga nesan sama ta ratsa ƙasa da dutse da jikin mutum, ba mai tare ta. Uwarsa Najiba ta ce, "Subhanallahi. Kai dai ka riƙa sa safa."

A watan Yuni Najiba ta kwanta. Likita ya ce a kira na nesa. Wayar can ba kullum take shiga ba, sai da Barau ya kwana biyu kafin ya same shi.

"Ka hawo jirgi, uwarka na cigiyarka."

"Baba, ma fi ɗayyara, babu jirgi."

"Ta'akhir ne? Na awa nawa?"

"Sai ƙarshen Oktoba. Ba rana, duhu ne, sanyin har man jirgi yake daskararwa."

Barau bai yarda ba. Ya saka tsohuwar rigar aikinsa ya tafi filin jirgi wajen abokinsa Ɗanlami, shi kuma ya kai shi gaban mudir, shugaban wurin. Mudir ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ce, "Ya Hajj, wurin nan ba ya cikin jerinmu."

Da ya dawo, Najiba ta ce, "Malam, yana hanya?"

Ya gyara mata matashi. "Ta'akhir ne."

Ta dube shi. "Abin da yake gadi ya ratsa duniya ya wuce, shi kuwa ya kasa zuwa."

Ranar Alhamis ta rasu, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a bayan la'asar. Waya ba ta shiga ba sai Asabar.

Yanzu Barau na zama bakin ƙofa da carbi. Jirage na wucewa ta kan unguwa, ba ya ɗaga kai, ba ya faɗin irinsu. In an tambaye shi Haisam, sai ya buɗe baki zai ce ta'akhir ne, ya sake rufewa.