Yadda Bakina Ya Sauke Babana Daga Ladanci

Malam edita, a shekarun da zan ba ku labari ni aparanti ne, wato yaron mota, a gbaka, ƙananan motocin hayan nan na Abidjan, kullum ina maƙale a ƙofa ina kiran fasinja a tashar Adjamé. Lakwal, wato makarantar boko, rabi na yi, aka kore ni don ina kwaikwayon tafiyar mushe malaminmu a bayansa. Allo ma 'yan surori na haddace na gudu. Abu guda na iya, baki. In na sa mutum gaba sai fasinja sun riƙe ciki. Babana kuwa mutumin Nijar ne mai sayar da goro, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ba mai biyansa komai, amma kiran sallar nan shi ne girmansa a duniya.

Lokacin ne 'yan lise, wato 'yan sakandare, da 'yan jami'a suka fara taruwa ranar Lahadi a wani aji a Treichville suna koyar da addini da Faransanci. Dattawanmu ko jin zancen ba su so. Masu harɗe hannu a salla, masu kaset ɗin wa'azi daga Makka, masu yawo da hoton malaman Iran, da waɗannan 'yan lakwal, duk abu ɗaya suke ganinsu, wai an zo a ɓata addinin iyaye. Ni na je ne don in samo abin ba'a, kuma an ce mini 'yan mata masu aji na zuwa. Na zauna can baya, na ɗaga hannu na tambayi mai koyarwar, wani siririn ɗalibi mai tabarau, ko mala'iku ma sun yi lakwal da za su rubuta ladan Faransanci. Aji ya fashe da dariya, har shi. Da aka lafa sai ya tambaye ni me nake gaya wa Allah in na karanta Fatiha. Wallahi ko kalma ɗaya ban san ma'anarta ba. Ya fassara mini ita a hankali da harshen da nake zagin fasinja da shi. Tun ranar ban sake fashin Lahadi ba.

To, karatun 'yan makonni sai ya hau mini kai. Wata rana bayan la'asar dattawa na zaune kan tabarma a ƙofar masallaci, wani tsoho ya tsokane ni wai ga sabon malamin Nasara ya iso. Maimakon in gaishe su in wuce, na tsaya na ce ni dai yanzu na san abin da nake faɗa, ba kamar masu ihu a lasifika shekara da shekaru kamar rediyo ba. Har da sa hannu a kunne ina kwaikwayo. Tsohon na nufa da maganar, amma a duk unguwar mutum ɗaya ke riƙe lasifika, kuma yana zaune a kan tabarmar. Babana ya miƙe, ya sa takalmansa, ya tafi bai dube ni ba.

Washegari dattawa suka yanke cewa wanda ya kasa riƙe ɗansa ba zai kira jama'a salla ba. Aka ba wani tela ladancin, mai murya kamar hon ɗin gbakarmu. Ba zan manta yadda babana ya koma ba. Lokaci na yi zai yi alwala yadda ya saba, sai ya zauna kan benci a ƙofar ɗaki yana sauraren telan, leɓɓansa na motsi. In ya je masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa. Na gaishe shi, ya kau da kai. Na sayo masa kifi da atyeke, dambun rogon nan, ya tura wa yaran gida. Inna ta ce mini da duka na yi masa da ya fi sauƙi.

Na roƙa aka yi zama. Liman, tsoho mai kwarjini wanda ko direbanmu mashayi ke rusunawa in ya gan shi, ya ce sharaɗi ɗaya ne: in rantse na bar zuwa Treichville. Ya ƙara da cewa ba ɗan gidan mutunci da ke taka wurin nan. Malam edita, a nan na sha azabar da ban taɓa sha ba, don 'yarsa ta cikinsa, malamar asibiti a Treichville, ita ke zama a layin gaba duk Lahadi, ita ce ma ke koya wa mata alwala. Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Da na faɗa da na gama da shi a gaban kowa, da tashar Adjamé ta kwana tana ba da labarina. Na cije. Na durƙusa gaban babana na ce ya yafe mini, ni ne jaki. Amma na gaya wa liman ba zan rantse kan ƙarya ba, don na san Lahadi na zuwa ƙafata za ta kai ni. Aka kore ni daga wurin, tela ya ci gaba da hon ɗinsa.

Makonni suka wuce a haka. A tasha ana kirana wanda ya sauke ubansa, ni da nake sa wa kowa suna. Wata safiya 'yar liman ta tsaida ni da fararen kayan aikinta, ta ce ta ji yadda zaman ya kasance, me ya hana ni tona ta. Na ce mata yaya, ai in na tona ki wa zai yi mini allura kyauta ranar da aka fasa mini kai. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba za ta bari dattijo kamar babana ya ci gaba da wahala don a rufa mata asiri ba. Ranar ta je ta zauna gaban babanta ta faɗa masa komai, har da cewa akwai lokacin da ta bar salla a wurin aiki don abokan aiki na yi mata tambayoyi kan Musulunci ta kasa amsawa, ajin nan ne ya maido ta.

Lahadi na zuwa aka aiko liman na kirana. Na tafi ina shirin shan tsinuwa, sai na tarar ya sha rawani yana jirana, wai in kai shi ya gani da idonsa. Muka hau bis muka ƙetare gada. Ya zauna kan bencin yara, gwiwoyinsa har gemu, ni ina kusa da kunnensa ina juya masa Faransanci zuwa Hausa. In na ƙara gishiri sai ya murɗe mini kunne ya ce in faɗi abin da yaron ya faɗa kawai. Ana cikin haka wani ya tambayi hukuncin wanda ya yi mantuwa a salla, mai tabarau ya ce gaskiya bai kai nan ba, ga babanmu a cikinmu. Liman ya gyara zama ya warware musu ƙabli da ba'adi tiryan-tiryan, ni kuma na zuba shi da Faransancin tasha. Ajin ya ɗauki kabbara. Suka kewaye shi suna roƙon ya dawo, shi kuma yana ta cewa ashe yaran nan suna da ladabi.

Mun iso unguwa dab da magariba, tela ya riga ya ɗauki makirfo yana gyara murya. Liman ya ce masa ya ajiye, mai abin na zuwa, sannan ya ce mini ɗan banza ruga ka kira ubanka. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Babana ya zo yana gyara hula, ya sa hannu a kunne. Kabbarar farko muryarsa ta yi rawa, ta biyu kuwa sai da masu soya aloko, wato ayaba, a bakin titi suka juyo. Na tsaya gefen butoci ina hawaye, ƙato da ni. Da aka idar ya wuce ta gabana, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Yau ina ganin samari sun saurari kaset biyu sun fara auna imanin iyayensu, sai in tuna kaina. Abin da ka koya gaskiya ne, riƙe shi, kada ka rantse ka bar shi don tsoron kowa. Amma kada ka mari wanda ya koya maka alwala da shi. Ku kuma dattawa, kafin ku tsine wa taron yara ku je ku zauna ku ji. Ni dai duk surutun da na yi a rayuwata bai amfane ni ba kamar maganar nan guda da na haɗiye.