Cokalin Mai Wankan Gawa

Na haura shekara ashirin a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina sayen yadi da kayan yara a kasuwar Guangyuan ina turawa Kano. A tsawon wannan zama na yi abubuwan da ba na son tunawa, amma akwai guda ɗaya da ko a cikin sallah yakan faɗo mini.

Akwai wani ɗan zangon Kumasi da muke kira Malam kawai. Takalma ya zo saye da farko. Wata rana wani ɗan Nijar ya rasu a masaukinsa, muka yi cirko-cirko a kansa, manyan 'yan kasuwa da furfurarmu, babu wanda ya san ta inda ake fara wankan gawa. Malam ya naɗe hannun rigarsa. Ashe aikin gidansu ne. Kakansa ke wanke matattun zango, ubansa ya gada, shi kuma ya gudo ƙasar Sin don ya huta da aikin. Tun ranar bai sake hutawa ba.

Ya kama gida a unguwar Liwan, hawa na biyu, ya kawo matarsa da 'yarsa. Matar ke wanke mata, ita ke yanka likkafani ta ɗinka. 'Yar ta iya Sinanci kamar 'yar gari, ita ke bin takardu daga asibiti zuwa ofishin jakadanci. Wanda danginsa suka ce a kawo shi gida, Malam zai shirya akwati ya raka shi har filin jirgi. Wanda aka ce a binne a nan, zai kai shi maƙabartar Musulmi. In duk mun kasa kiran uwar mamaci, shi ake miƙa wa waya.

Ranar Juma'a, in an sauko daga masallacin Huaisheng, mukan shiga wani gidan abinci na Musulmin Sin. Mai gidan ya san ba mu iya cin abinci da tsinke ba, sai ya zubo mana shinkafa da naman rago a faranti ɗaya babba, mu ci da hannu. Rannan Malam ya zo a makare, ƙanshin kafur na tashi daga rigarsa. Ya wanke hannu, ya zauna kusa da ni, ya yi bisimilla. Na janye hannuna na ɗaga murya na kira mai gidan, yadda ake kiran mai shago da Sinanci.

"Lawban! Kawo cokali."

Wani abokina ɗan Fagge ya ce, "Alhaji, yau kuma Bature ka zama?"

Na ce, "Ba ni za a ba wa ba, Malam za a ba. Wa ya san inda hannun nan ya shiga da safe?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kai Alhaji, ka ji tsoron Allah," amma shi ma dariyar yake yi. Malam ya dubi tafin hannunsa, ya karɓi cokalin, ya ce, "Gaskiyar Alhaji ne." Ya ci loma uku ya tashi.

Ba jahilci ba ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san ladan wanda ya wanke ɗan'uwansa ya rufa masa asiri. Dariyar nake so, kuma ina tsoron mutuwa, sai na huce a kan wanda yake tuna mini ita. Ban tsaya nan ba. Da na koma gida na hana matata zuwa wurinsu, na ce ko dafa-duka matar ta aiko kada a karɓa.

Bayan shekara shida matata ta rasu a asibiti, da hantsi, bayan ciwon ƙirji na kwana uku. Mahaifiyarta ta ce mini a waya, "Kada ka bar mini 'ya a cikin ƙanƙara ana jiran jirgi. Ƙasa duk ta Allah ce, a binne ta nan. Abu ɗaya nake roƙo, mace Musulma wadda ta san aikin ta wanke ta." A duk garin mace ɗaya na sani mai wannan aiki.

Na tsaya a ƙofar asibiti da waya a hannu, lambar Malam na gabana, na kasa dannawa. Sai na yi abin da na iya kaɗai, wato sayayya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Guangyuan na sayo farar shadda mafi tsada, kamar yadi zai yi magana a madadina.

Da na dawo na tarar da 'yar Malam ta riga ta karɓi takardu, shi yana zaune a benci, matarsa na gefe da jaka. Ban san wa ya gaya musu ba. Matar ta shafa shaddar ta miƙo mini.

"Alhaji, wannan ta Sallah ce. Ajiye wa yara. Mun zo da nata likkafanin, kuma ta san yadin. Duk Talata takan zo ta riƙe mini gefen yadi ina yanka."

Na ce, "Matata?"

"Ta ce kada a gaya maka, ba ka son ƙanshin kafur."

Ita da 'yarta suka wanke matata. A maƙabarta Malam ya shiga kabarin tare da ni. Shi ya tallafo kanta, ya nuna mini yadda zan juya fuskarta alƙibla, ya ce a hankali, "Kwance ƙullin kan, Alhaji. Yawwa."

Ranar sadakar uku aka zuba shinkafa a babban faranti a ɗakina. Na zaunar da shi kusa da ni da gangan. Ya sa hannu a aljihu ya fito da cokali naɗe a hankici, bakin cokalin har ya cinye.

Ɗan Fagge ya ce, "Malam, har yanzu?"

Ya ce, "Na saba. Hankalin kowa ya fi kwanciya."

Da a ce da gatse ya faɗa, da na ji sauƙi. Babu komai a muryarsa. Shekara shida yana yawo da maganata a aljihu, ni ko a jikina.

Na ce, "Malam, ba ni cokalin nan." Ya ba ni. Na ce, "Hannun nan ne ya riƙe kan matata. Ka yafe mini."

Ya ce, "Alhaji, shinkafa na hucewa." Ya ɗauraye hannu, ya sa a farantin, muka ci.

Amma ina kallo mutum biyu suka zame hannuwansu a hankali, suka ce sun ƙoshi. Duka biyun suna wurin ranar da na kira lawban. Na bi kowannensu har shagonsa daga baya, na ce ni na yi kuskure. Suka ce haka ne, Alhaji, Allah ya yafe mana. Har yau in Malam ya zauna, gefensu na farantin yakan yi saura.